Kwandon Rimot

Tun da mai aski ya zame a banɗaki ya karya wuyan hannunsa na dama, hannun ya ƙi yafe masa. Ƙashi ya ɗinke tuni, amma hannun na nan a kumbure, yana sheƙi, yana zugi kamar an tsoma shi a tafasasshen ruwa. Ko iskar fanka ta taɓa shi sai ya cije leɓe. Shago ya rufe, almakashi ya yi tsatsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, mutumin da ya tsufa yana riƙe kawunan jama'a, yau ko hannu ba ya iya ba kowa.

Likita ta ce jijiyoyin ne suka rikice, suna ta kai ƙarar raunin da ya riga ya warke. Aka dasa masa 'yar na'ura ƙarƙashin fata, mai aika musu lantarki kaɗan-kaɗan, aka ba shi rimot.

"Ka riƙa ƙarawa a hankali har ka ji sauƙi," in ji ta.

Wa ya ga mai aski da ƙara lantarki? Tun da wani tsohon injin aski ya taɓa jansa yake tsoron waya. Ya bar na'urar a matakin ƙasa, yana ta mita wai an yanka shi a banza.

Matarsa kuwa doka ɗaya gare ta: duk wani rimot, kwandon kan tebur ne gidansa. Ran nan ya manta nasa a kan kujera, ta jefa shi cikin 'yan'uwansa.

Sai ga babban wansa ya zo dubiya. Kunnen Yaya ya yi nauyi, amma a wurinsa duniya ce ta koma raɗa. Ya zauna, ya lalubi kwando.

"Auta, talabijin ɗin nan taku ba ta da murya."

Ya danna. Mai aski ya ji kamar tururuwa na bin hannunsa. Ya gane rimot ɗin.

"Yaya, wannan nawa ne."

"Na san naka ne, ai gidanka ne." Ya sake dannawa, ya bubbuga rimot ɗin a gwiwa, ya danna kuma.

Tururuwa suka zama runduna. Mai aski ya tashi ya zauna, ya kira matarsa, ya kira sunan Allah, Yaya na ta zagin masu ƙera talabijin. Da mai aski ya ga babban yatsa zai sake sauka, sai ya yi kukan kura ya cafke hannun wansa.

Yaya ya dubi hannun, ya dube shi.

"Auta, da wane hannu ka riƙe ni?"

Na dama ne. Kumburin na nan, zugin ma bai tafi ba, amma ya ja baya, ya bar masa wuri. Yana jin ɗumin fatar wansa, har da bugun jininsa. Kuka ya zo masa, kunya ta hana shi, ya ƙi sakin hannun.

Matarsa, da ke tsaye bakin ƙofa, ta share ido da gefen hannu. Ta zare rimot ɗin, ta wuce kwandonta, ta sa wa mijinta a aljihu.

Mai aski ya ƙura wa ƙeyar wansa ido.

"Yaya, wane mugu ne ya yi maka askin nan?"

"Me ka ce?"

"Na ce kada ka tashi. A ɗauko min almakashi."