Jakar Iskar Karafan

Mudasiru ya shekara da shekaru yana jan tirela tsakanin Tema da Bawku, amma tun da ya zo Ƙatar aikinsa bai wa awaki ciyawa ne a wata gona da ke Umm Salal. Da sanyin bana ya shigo, direban gonar ya tafi gida bai dawo ba. Mai gonar, wani dattijo da ake kira Abu Hamad, ya nuna masa karafan, wato tirelar nan mai ɗakuna da iyali ke kwana a ciki idan sun fita rairayi.

"Ka kai ta zangonmu na Sealine a bakin teku, kada komai ya fashe," in ji shi. "In ka yi, kai ne direba."

Ran Asabar da safe Mudasiru ya kira abokinsa Absalom, mutumin Jos mai gyaran na'urar sanyi, ya zo ya duba masa baya.

Wannan karafan ba a gindin mota ake ɗaura ta ba. Goshinta ne yake hawowa kan bodin a-kori-kura, inda aka kafa farantin ƙarfe mai baki, wani fegi mai kauri ya shige ciki. Mudasiru ya san wannan sarai. Ya sauke marfin baya, ya sa katako a tayoyi, ya daidaita ƙafafun karafan har goshin ya yi ƙasa da farantin kaɗan. Ya shiga mota ya fara baya a hankali.

"Taho, taho! Hagu, Direba! Hagunka, ba nawa ba!" Absalom yana ta kaɗa hannu.

"Injiniya, tsaya inda madubi zai gan ka. Yaron motana a Kumasi ya fi ka."

Fegin ya shige, bakin ya kama ƙas. Mudasiru ya leƙa ya tabbatar, ya kulle hannun farantin, ya jona wayar birki da fitila, ya ɗan ja gaba ya ji ta riƙe. Sannan ya ɗage ƙafafu.

A nan ya ga abin da tirelolin Tema ba su da shi. A saman fegin akwai wata baƙar jakar roba mai bawul, nauyi ya danne ta ta yi laushi. Ya buga mata spana. Ta yi ɗub.

"Wannan ta sace," ya ce.

Duk direban da ya bi hanyar arewa da kunne yake auna taya. Ya jawo injin iska yana ɗura mata yana bugawa, har ta amsa tan-tan kamar ganga.

Ba su kai ƙarshen hanyar gona ba abin ya fara. Kowane ɗan tudu sai karafan ta doki motar daga baya, kawunansu su yi gaba su dawo. Suna jin kwanuka suna kaɗawa a cikin karafan.

"Direba, doki muka hau?" in ji Absalom, yana dafe da gilashinsa.

Mudasiru bai yi dariya ba. A madubi yana ganin farar motar Abu Hamad tana biye. Ya gangara gefe ya tsaya, ya buɗe ƙofar karafan. Tukwane sun zube, kwalin kofunan gahawa ya zamo har bakin tebur, rabinsa a iska. Ya tare shi da hannu biyu, ya buɗe. Ko ɗaya bai tsage ba.

Dattijon ya fito daga motarsa riƙe da sanda. Ya je ya danna jakar da yatsa, yatsan ya ƙi shiga. Sai ya fashe da dariya har rawaninsa ya zame.

"Kai ma?" ya ce cikin Larabci da guntun Turanci. "Ranar da na saye ta haka na yi. Hajiya ta yi sati ba ta yi mini magana ba."

Ya goge ƙura da gefen hannu, sai ga alamu biyu a jikin ƙarfen, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Jakar ba taya ba ce, matashi ce tsakanin mota da karafan. Ana rage iska ne har alamun su zo daidai da juna.

Mudasiru ya danna bawul, iska tana fita, yana kallon alamun suna matsowa.

"Bas, ya isa," in ji Abu Hamad. "Yalla, mu tafi."

Suka hau babban titi suka yi kudu, dogayen benayen Doha na hagunsu. Karafan ta bi su lum, Absalom har ya yi gyangyaɗi. Bayan Mesaieed rairayi ya bayyana, ga teku can gaba.

A zango Mudasiru ya sauke ƙafafu, ya cire waya, ya zare motar. Abu Hamad ya shiga cikin karafan ya ɗan jima, ya fito. Mudasiru ya miƙa masa makulli. Dattijon ya dubi makullin, ya tura masa hannun baya.

"Khalas, shi ke nan. Gobe da safe ka ɗauko yara."

Absalom ya ƙame ya sara masa. "Ranka ya daɗe, Direba! To awaki fa?"

"In kana so na yi maka hanya," in ji Mudasiru, ya jefa makullin a aljihu.