Ɗanyen Mangwaron Yaya Waziran

Azahar ba ta yi ba aka shigo da maigidana kwance a amalanken jakinsa. Lu ce ta buge shi a hanyar Shujabad, iskar nan ta bazara mai hurowa kamar an buɗe bakin tanda. Maza biyu suka shimfiɗe shi a gadon igiya gindin katanga, suka hau babur neman motar asibiti, wai in ba su awa guda.

Na taɓa goshinsa, zafi jau, kuma ko ɗigon gumi babu. Mutumin da ko da asuba rigarsa a jiƙe take, yau fatarsa ta bushe ƙayau.

Kowa a garinmu ya san abin da ake ba wanda lu ta buga kafin a kai ga likita: ɗanyen mangwaro a gasa a toka, a matse a ruwan randa da gishiri da mazarƙwaila. Ɗanye fa. Nunanne a wurinmu zafi ne, ƙara wa wuta itace. Bishiya ɗaya ce kuma mai ɗanye a layinmu, tana bayan katangata, gidan Yaya Waziran, yayar mijina.

Shekara uku ko gaisuwa ba ma yi. Wani reshe ne ya tsallako tsakar gidana, danƙonsa ya ɓata mini mayafi har biyu. Da na yi magana ta ce ubanta ya dasa bishiyar tun ban san hanyar gidan ba. Ni kuwa ba a gaya mini haka in haɗiye. Ranar da ta tafi biki Multan na kira mai gatari ya sare reshen, na kuma rantse gaban mata, in na sake taɓa mangwaronta hannuna ya shanye.

Na jiƙa zane na lulluɓe maigidana, ina kwara masa ruwa ina fifita. Ya buɗe ido ya kira ni da sunan mahaifiyarsa, wadda ta rasu shekara goma.

Akwai nunannu uku a kwando. Allah ya yafe mini, su na ɗauko. Na murza na matse a kofi ina ce wa kaina mangwaro ai mangwaro ne, alhali na san ƙarya nake. Na tallafo kansa ke nan na ji murya daga saman katanga.

"Ajiye kofin nan, Sugran."

Yaya Waziran ce a kan tsani, idonta na kan hannuna.

"Kashe shi za ki yi don kada ki ce mini don Allah?"

"Ba ruwanki da gidana," na ce.

"Gidan naki ne. Wanda ke kwance kuwa ni na yi ɗawainiyarsa tun yana rarrafe."

Numfashinsa ya fara fita sama-sama. Na ajiye kofin.

"Yaya, don Allah."

"Na ƙasa duk na tsinke makon jiya," ta ce. "Sai na can sama. Hura wuta."

Ta haura sittin, gwiwarta ma ba lafiya, amma ta ɗauki gora ta hau bishiyar. Ina durƙushe ina hura garwashi ina jin nishinta a cikin ganye, gorarta na dukan reshe tana kuskurewa. Na duba maigidana, na duba katanga, na sake duba shi. Leɓensa ya tsage. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba. Can sai tim, tim, guda huɗu suka faɗo tsakar gida.

Na tura su a toka har bawon ya yi baƙi, na ɓare da zafinsu yatsuna na ƙuna, na matse a ruwan randa. Ita kuma ta shigo tana ɗingishi, mayafinta duk danƙo, ta ɗora kan ƙaninta a cinya.

Cokalin farko ya zubo ta gefen baki. Na biyu ma haka.

"A hankali, ke dai komai naki da gaggawa," ta ce.

A na uku maƙogwaronsa ya motsa. Muka ci gaba har kofin ya yi rabi. Sai ta shafa goshinsa ta nuna mini tafinta. A jiƙe yake.

Motar ta iso aka ɗauke shi, idonsa biyu, har yana tambayar ko an ba jaki ruwa. Ina neman takalmi ta riƙo hannuna, ta duba yatsun da suka tashi.

"Bai shanye ba," ta ce. "Amma kin san daɗewar da na yi a saman can? Da kin bar abin nan, miƙa hannu kawai za ki yi."

Na ɗaga kai. Dungun reshen yana nan, daidai saman gadon da aka kwantar da shi.