Hannun Dogo

Mai aski ya kai rabin gemun Dogo ke nan warin ya buge shi. Daga hannun daman yake fitowa, wanda aka naɗe da bandeji aka ɗora a kan matashi. Shekara da shekaru ɗakunansu na kallon juna a gidan hayar nan, bai taɓa ganin Dogo kwance da rana ba.

Dogo ya ba shi labarin, murya ƙasa-ƙasa. A kamfanin siminti, buhu ne ya maƙale a belin da ke jan kaya, ya sa hannu zai gyara, bel ya haɗa da yatsunsa ya shige ƙarƙashin ƙarfe. Maɓallin tsayar da injin ya daɗe da lalacewa, kowa ya sani.

"Ina ihu, maƙwabci, buhunhuna na ta wucewa ta gefena," in ji shi. "Sai da layin ya ƙare aka kashe."

A ɗakin shan maganin kamfani aka ɗinke abin da ya rage, aka ce ya je gida ya huta, kada ya kai maganar waje in yana son aikinsa. Shi ya sa ya ƙi asibiti. Matarsa ta yi kuka, mai aski ya yi faɗa, Dogo ya ce da hannu ɗaya ma ana gadin ƙofa.

Ranar da zazzaɓi ya sa ya fara sambatu, mai aski ya ciccibe shi ya sa a mota. Likita ya kwance bandejin, ya dube su, ya tambayi inda suke tuntuni. Dogo bai kai la'asar ba.

Shugaban ma'aikata ya zo gaisuwa. Ya ce marigayi mutumin kirki ne, sai dai yana da gaggawa. Da zai tashi, ya ja mai aski gefe.

"Takalmin aikin da hular na kamfani ne. In matarsa ta natsu, a aiko."

Mai aski ya juya ya koma wurin zaman makoki.

Washegari da safe yana buɗe shago, motar ma'aikata da ta saba ɗaukar Dogo ta tsaya a bakin layi ta yi hon. Matar Dogo na shara a ƙofar gida. Ta tsaya da tsintsiya a hannu har motar ta ja ta wuce.