Kwalbar da Hambali Bai Miƙa Ba

Miki ne ɗan ƙarami a ƙasan babban yatsan ƙafar Hambali ta hagu, bai fi ƙwayar wake ba, amma ya yi wata uku ya ƙi warkewa. Mai noman shinkafa a Kura kuwa da ƙafarsa yake ci. Daga dashe har yanka cikin ruwa yake tsaye, ranar da ƙafa ta ce ba ta shiga taɓo, ranar gona ta zama ta wani. Hambali ya sa toka, ya sa man shanu, ya fasa kafso ya barbaɗa, miki yana nan yana kallonsa.

Ana cikin haka masu bincike suka zo daga wata jami'a, da farar mota da kuloli cike da ƙanƙara, suka sauka a ɗakin shan magani na unguwa. Shugabarsu wata likita ce mai gilashi. Ta tara mutane a gindin dalbejiya ta ce tun da aka kawo ruwan kanal mutanen nan suka bar tuwon gero da na dawa suka koma shinkafa safe da yamma, ciwon sukari ya yi yawa a cikinsu. Suna so su gane ko laifin abinci ne, ko gado ne a jini, ko kuwa aikin wasu ƙananan halittu ne da ke zaune a hanjin kowa, waɗanda abinci ke sauyawa. Abu uku suke nema daga kowane mutum: jini, da bayanin abin da yake ci, da ɗan bayan gida a kwalba. Wanda ya cika ukun, aka ga sukarinsa ya hau, za su riƙe shi shekara guda, magani kyauta, likita na duba shi duk wata, har da ƙafa.

Jaji mai gyaran injin ban ruwa, abokin Hambali tun suna yara, ya zungure shi ya ce ashe shekara sittin suna zubar da dukiya a bayan gari ba su sani ba. Aka yi dariya. Hambali bai yi ba, shi maganar ƙafa ya ji.

Jini bai ba shi wuya ba. Aka soki yatsan hannunsa, likitar ta dubi na'ura, ta dube shi, ta sa ya cire takalmi. Ta daɗe a kan mikin. Ta ce shi ne irin mutanen da suke nema, ya kawo kwalbar gobe da safe, kada ya yi wasa. Tambayar abinci ma ya amsa ba ɓoye-ɓoye: shinkafa da mai da yaji, shayi mai kauri, fura sai in an yi baƙo. Aka ba shi kwalba ɗauke da sunansa da lamba, aka nuna masa teburin da zai miƙa ta.

A teburin nan Ni'imatullahi ce zaune, matar Yusuf, ɗansa na fari. Ta yi karatun lafiya, ta san kowa a unguwa, shi ya sa suka ɗauke ta. Ita ke karɓa, ta buɗe, ta duba ko ya isa, ta rubuta, ta sa a ƙanƙara.

Hambali ko sunan Yusuf ba ya kamawa, yaron nan yake ce masa. Matar ɗan nasa kuwa, shekara shida a gidan, bai taɓa cin abinci a gabanta ba. In ta hango shi a zaure sai ta durƙusa ta kau da kai har ya wuce.

Saude, matar Hambali, ta ce ya ba ta ita ta kai a leda, ba wanda zai ga fuskarsa. Ya ce sunan wa ke jikin kwalbar? Ko wa ya kai, yarinyar ce za ta buɗe.

"Malam, ƙafarka ce fa," in ji Saude.

"Na sani. Idona kuma ina zan kai shi in na shigo gidan nan?"

Jaji ne ya kawo dabara. Ya ce ai masu binciken kashi biyu ne, wasu suna Bunkure, can ba wanda ya san shi. Washegari da safe Hambali ya yi abin da aka ce, ya naɗe kwalbar a tsumma ya hau babur. Sai dai ranar ce ranar ruwan layinsu, sau ɗaya a mako, wanda bai tare nasa ba na gaba ya shanye. Ya ce bari ya buɗe wa gona ruwa tukuna. Ya tarar ciyawa ta toshe bakin hanyar ruwan, ya shiga da mikin nasa ya share, ya tsaya har ruwa ya kai ƙarshen fili. Bai isa Bunkure ba sai dab da azahar. Ma'aikacin can ya duba lamba ya ce ta Kura ce, ba ta cikin littafinsa. Ko da tana ciki ma, abin da ya wuce awa biyu ba a ƙanƙara ba ya lalace. Ya ba shi sabuwar kwalba, ya ce gobe ce ranar ƙarshe a Kura.

Ranar ƙarshe Hambali ya zo tun hantsi, kwalba a aljihu, ya tsaya a inuwar katanga yana jiran Ni'imatullahi ta tashi. Ta gan shi, ta kuma san abin da ya kawo shi, sai ta sunkuyar da kai bisa littafi, don a ganinta rashin kallon shi ne girmamawa. Da wani ya raɗa wa likitar, da ita da kanta za ta karɓa, ba komai ba ne a wurinta. Amma wane baki zai faɗa? Ni'imatullahi ba ta iya cewa surukinta na waje da bayan gidansa, shi ba ya iya cewa kunyar matar ɗansa yake ji a gaban baƙi. Rana ta take. Aka loda kuloli a mota. Likitar ta hango shi ta tambaya ko ya miƙa, ya ce bai samu ya zaga bayan gida ba yau. Ta rubuta masa takardar zuwa asibiti, ta ce kada ya kwana bai je ba.

Ya je sau ɗaya. Aka ce ya daina shiga ruwa, ga shinkafa ta fara ciki. Kafin damina ta tsaya yatsan ya yi baƙi, baƙin ya hau. A wani asibiti cikin birni aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Bayan shekara masu binciken suka dawo su faɗi abin da suka gano. Jaji ya ɗauko Hambali a babur. Likitar ta yi bayani da hotuna: hanjin masu cin gero da daddawa ya fi na masu shinkafa yawan halittun kirki, gado ma yana da nasa hannu. Waɗanda aka riƙe shekarar, sukarinsu ya sauka, ba wanda ya rasa ko yatsa. Ta ce mutum ɗari biyu da huɗu suka fara, an cire goma sha ɗaya don bayanansu bai cika ba. Aka tafa.

Hambali ya ɗaga sandarsa, aka ba shi dama.

"Likita, goma sha ɗayan nan, me kuka gano a kansu?"

Ta dube shi, ta dubi sandar. Da alama ta tuna fuskar.

"Baba, ba mu bi sawunsu ba. Ba sa cikin binciken."

Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, ya gode. Aka raba lemo da biskit, bai karɓa ba. Da za su tafi Jaji ya durƙusa ya ƙulle masa ƙafar wandon da ke reto don kada wayar tayar babur ta kama. A hanya, da suka zo daidai layinsu, Hambali ya ce ya tsaya. Ya dubi gonar na ɗan lokaci daga kan babur, sannan ya ce in sun isa gida Jaji ya kira masa yaron nan, ya zo ya karɓi takardar fili.