Allon Kabarin Inna

Jaka ɗaya, ƙullin goro, turare, da allon ƙarfe da aka rubuta min a Rijiyar Zaki: Barira Hashimu, da ranar rasuwarta. Su na rungumo a kan acaɓa daga Makoda zuwa ƙauyenmu.

Shekara huɗu ke nan da binne Inna. Na zo jana'iza, washegari na koma karatu. Abin da na riƙe shi ne aduwa: kabarin yana gabas da ita, taku uku, an kifa fasasshen tulu a wajen kai.

Bayan la'asar muka shiga maƙabarta mu biyar. Damina huɗu ta baje ƙasar. Fasassun tuluna ko'ina.

Kawu Jaji, yayan Inna, shi ya fara magana. Ya nuna yamma da aduwar da sandarsa.

"Ga ta nan."

"Nan ne," in ji Liman.

Nababa, wanda ya haƙa kabarin, ya gyaɗa kai. Ƙanena Naziru, wanda a hanya ya ce min gabas ne, ya ce, "Ƙwarai kuwa."

Na ce, "Kawu, ni dai gabas na tuna."

"Kai da ka kwana ɗaya? Boko ta juya maka alƙibla, ɗan nan."

Aka ɗan yi dariya, aka tuna inda ake.

Na sake duban wurin. Sai na ji na san shi. Har na ga kaina tsaye a nan, ƙasa a hannuna. Na ce, "Haka ne." Muka yi addu'a, aka bar kafa allo sai gobe.

Da safe na tare Nababa, ya koro jaki zai kai taki gona.

"Tsakaninka da Allah, ina ka haƙa?"

Ya daɗe yana gyara mangala.

"Da shekaranjiya ka tambaye ni, da na ce gabas."

"Yau fa?"

"Yau in na rufe ido yamma nake gani. Wallahi ban sani ba, Malam."

Ni ma na rufe nawa. Kabari biyu, kuma a kowanne ina tsaye ina zuba ƙasa.

Ɗakin Inna har yanzu ba wanda ya tare. Na jingina allon kusa da gadonta. Naziru ya leƙo.

"Yaya, Kawu yana zaure da diga, kai ake jira."

Na fito, na ja ƙofar, na sa kwaɗo.

"Ce masa ya mayar da digar. A nan allon zai zauna. Ba zan kafa sunan Inna a kan wata gawar ba."