Karima ko Dungula

Ranar da Malam Alhasan ya ce zai tafi ijaza, sai da mai shayin bakin tur'a, wato magudanar ruwan gonaki, ta ajiye buta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ijaza fa, hutu irin na ma'aikatan gwamnati! Mutumin da ya shekara sittin da huɗu bai taɓa kwana uku a jere a wajen Wad Haddad ba, sai lokacin da aka kwantar da shi a asibitin Madani, yau shi ne zai tafi arewa kallon rairayi. An gama yankan alkama, ruwa ya janye daga hawasharsa, wato gonarsa ta noman rani, azumi saura wata guda. Wannan a shekarar da ta gabaci yaƙi ne, hanyoyi duk a buɗe suke.

"Abu ɗaya ya rage ban yanke ba," in ji shi. "Inda zan sauka. Karima ko Dungula."

Mukhtar direban babbar mota, wanda ke kai albasa arewa ya komo da dabino, ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ce in don lafiya ne Dungula, akwai lokanda, wato masaukin baƙi, mai tsabta kusa da kasuwa, kuma daga can ake ɗaukar mutane zuwa Ga'ab, inda ake turbuɗe mai ciwon gaɓɓai cikin rairayi mai zafi har wuya, ya fito kamar an sake masa ƙafafu. Karima kuwa dutse ne da tsofaffin kaburburan sarakuna, sai Turawa masu ɗaukar hoto.

"Ai dabinon Karima ya fi," in ji Malam Alhasan.

"Kai da haƙoranka huɗu, wane dabino?"

"Ina son in ga yadda suke shayar da shi."

"Da ruwa suke shayar da shi, Malam, kamar kowa."

Aka sake dariya. Shi dai bai yi ba, ya shanye shayinsa ya kama hanyar gida.

To bari in gaya muku abin da 'yan bakin tur'a ba su kawo a ransu ba. Ɗiyarsa ta fari, Lubna, ungozoma ce a Karima. Can ta yi aure, wani Balarabe mai suna Ayman, shekara huɗu ke nan ba ta tako Wad Haddad ba. Yanzu mijin ya sami aiki a Jidda, ƙarshen wata za su tashi, ba wanda ya san ranar komowa. Malam Alhasan so yake ya ga ɗiyarsa kafin ta ƙetare teku. Wallahi iyakar ijazar ke nan, babu dutse babu dabino a ciki.

Za ku ce ya faɗa mata mana. Haba! Kun manta halinmu da ɗan fari? Tun ranar da aka haifi yarinyar nan bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunanta ba, sai "waccan" ko "yarinyar wajen Yaya". Haka ubansa ya yi masa, haka kakansa da ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji ya yi wa ubansa. Da aka yaye ta, yayarsa Khadijat ta ɗauke ta, ita ta raine ta, ita ta zama bakin da ke tsakaninsu. In ya sayo takalmi, Khadijat ke cewa, "Ubanki ya sayo miki." In Lubna ta ci jarrabawa, Khadijat ke zuwa ta ce, "Ta ci," shi kuma ya ce "to" ya shige ɗaki ya yi ta murmushi shi kaɗai. Shekara biyu ke nan da rasuwar Khadijat, tun daga nan magana ta tsaya a gaisuwar sallah.

Matarsa Ruƙayya ita ma ta yi wannan kunyar, amma waya ta sassauta mata ita, har bara ta je Karima ta yi sati. Tana tankaɗe garin dawa ya shigo, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Malam, ka kira ta ka ce kana tafe. Mi ya yi zafi?"

"In kai kaina gidan suruki ba a kira ni ba? A ce Bahaushe ya zo ya tare musu ɗaki?"

"To ni in faɗa mata."

"Kika buɗe baki na fasa tafiyar, na rantse."

Dabararsa, wai shi mai wayo, ita ce ya nemi shawarar Lubna. Ai ita ce 'yar gari. In ya ce wanne ya fi, dole ta ce, "Karima mana, Yaba, ga gida." Yaba take ce masa, wato Baba. Shi ke nan an gayyace shi, bai roƙa ba, bai zubar da girma ba. Kwana biyu yana juya maganar a baki, yana gyara ta, kamar mai shirin zuwa gaban alƙali.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zauna gindin dalbejiya ya kira. Suka gaisa, rabi Hausa rabi Larabci, don Hausar Lubna ta yi nauyi. Ya tambayi maigida, ya tambayi surukai, ya tambayi zafin gari. Sannan ya ce:

"Ina son in zo arewa ijaza. An ce mini Karima, an ce mini Dungula. Wanne ya fi kyau mutum ya sauka?"

Yana jin kukan tattabaru ta can wajenta.

"Ijaza kawai, Yaba?"

"Ijaza kawai."

"Ba wani abu da zai kawo ka?"

Nan fa ƙofa ta buɗe, ko jaki ya ga hanya. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Gwiwar nan ce ke damuna."

"Gwiwa." Ta maimaita kalmar. "Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

Da ta sake magana, muryar ta zama ta asibiti, irin wadda ake gaya wa mara lafiya sau nawa zai sha magani. "In don gwiwa ne, Dungula. Ka je Ga'ab. Ka riƙa shan ruwa da yawa, kada ka bari su turbuɗe ka fiye da rubu'in awa."

Ya ce to, Allah ya yi albarka. Ya kashe wayar ya zauna yana kallon ƙasa har inuwa ta bar shi. Abin ya yi masa ciwo, ciwon da bai taɓa ji ba ko ranar da aka binne Khadijat. A ransa ya ce ba ta son surukanta su ga tsohon manomi mai faso a ƙafa, mai Larabcin 'yan gona. Bai ga laifinta ba, ya dai ji kunyar kansa.

Amma ya riga ya gaya wa duk Wad Haddad zai tafi, sai ya tafi. Bas zuwa Khartoum, wata daga Omdurman ta miƙe arewa cikin hamada, ba itace ba gida, sai rairayi da tsofaffin tayoyi a gefen kwalta. A Multaga hanya ta rabu biyu, aka tsaya cin abinci. Ga motocin Karima nan a jere, 'yan kamasho na ihu, "Karima, Marawi, mutum ɗaya!" Ya tsaya da jakarsa a hannu yana kallon kujerar da ta rage, har wata mata mai akwati ta zo ta shige. Ya koma bas ɗinsa.

A Dungula ya kama ɗaki a lokandar da Mukhtar ya faɗa, ya aika wa Lubna saƙo da sunan wurin, ba ƙari ko kalma ɗaya. Ya yi lissafin cewa tafiyar awa uku ce tsakaninsu, ita ce ƙarama, ita ya kamata ta zo. Da safe a kai shi da sauran masu ciwo Ga'ab a bayan mota, a haƙa rami, a kwantar da shi, a tura masa rairayi har wuya, a kafa masa ɗan mayafi a kan fuska. Zufa na zuba, tsofaffin da ke kwance kusa da shi na ta labarin 'ya'yansu. Da la'asar ya komo ya yi wanka, ya sa farar jallabiyarsa ta sallah, ya ɗauko kujera ya zauna a ƙofar lokanda inda zai ga duk motar da ta tsaya. Kwana biyar yana wannan zaman. Gwiwar kuwa, abin haushi, ta yi sauƙi sarai.

Rana ta shida ya tashi da asuba, ya duba kwanan wata, ya ga saura kwana tara su tashi. Ban san abin da ya karye a cikinsa ba. Ya dai ɗaure jaka, ya ce wa mai lokanda ya tafi, ya nemi motar Karima. Duk hanya yana shirya abin da zai ce: wucewa yake yi, ya ce bari ya leƙo. Ko gaisuwa ce a tsaye a ƙofar gida, ya yarda.

Da hantsi ya isa. Ya yi tambaya aka nuna masa gidan, ƙofa shuɗiya a bayan gonar dabino. Wata dattijuwa ta buɗe, ta dube shi sama da ƙasa, sai ta dafe ƙirji.

"Abu Lubna! Wallahi kai ne, ga goshin nan!"

Hajja Sabah ce, uwar Ayman. Da Larabci take magana, da ƙarfi, tana jan hannun rigarsa zuwa ciki. Ba wanda ya taɓa kiransa da sunan ɗiyarsa a fuskarsa, sai ya rasa inda zai sa idonsa. Ta zaunar da shi, ta kawo ruwa, sannan ta zauna ita ma, fuskarta ta canza.

"Ba ta gaya maka ba? Shekaranjiya suka tafi. Jiya jirginsu ya tashi."

"An ce ƙarshen wata."

"Ƙarshen wata ne da. Tun watan jiya ya kamata su tafi, ita ta hana. Ta ce ubanta ba zai bari ta ƙetare bai zo ba, a jira a gama yankan alkama. Har faɗa suka yi da Ayman." Ta miƙe. "Zo ka gani."

Ɗaki ne a gefen tsakar gida, an shafe shi da sabuwar farar ƙasa, har yanzu yana wari. Angarib sabo, wato gadon igiya, an ɗaure igiyarsa tamau, shimfiɗa a ninke, buta da dardumar sallah a gefe.

"Da hannunta ta shafe shi," in ji Hajja Sabah. "Ranar da ka kira ina zaune kusa da ita. Sau uku ta tambaye ka, ya Hajj, ina ƙirgawa. Ka ce gwiwa. Da ta ajiye wayar ta shiga nan ta rufe ƙofa, ta yi kuka har la'asar. Ta fito ta ce wa Ayman ya matso da tikiti, ba wanda take jira. Na ce mata ƙila kunya ce irin taku, ta ce shekara talatin tana jin ana ce mata kunya ce, ta gaji."

Malam Alhasan ya zauna a bakin angarib ɗin. Ya so ya yi bayani, ya ce haka ake yi, haka aka yi masa, wanda aka fi so shi ake ɓoyewa. Ya nemi kalmomin a Larabci ya rasa, ya neme su a Hausa ya ga ko a nan ba su da nauyin da yake zato. Hawaye suka zubo masa a gaban surukuwar ɗiyarsa, bai ko share ba.

Can ya ce, "Hajja, yaya take?"

"Lafiyarta ƙalau."

"A'a. Ina nufin, wace irin mutum ce?"

Matar ta jingina da ƙofa ta fara faɗa masa a hankali. Ba ta shan shayi da sukari. Tana da saurin fushi, amma ba ya kwana. In tana shara waƙar Hausa take yi, ba wanda ke gane ta a gidan. Rabin yaran unguwar nan ita ta karɓi haihuwarsu, har akwai 'yan mata uku da aka sa wa sunanta. Matan gari in naƙuda ta kama su ba sa cewa a kira ungozoma, sai dai su ce a kira bahaguwar nan, don da hagu take riƙe almakashi.

Ya ɗago kai. "Bahaguwa ce?"

"Ya salam," in ji Hajja Sabah, muryarta ta yi ƙasa. "Kai ba ka sani ba?"

Ya girgiza kai. Shekara talatin, bai taɓa kallon hannunta ba.