Fedar da Aka Kai Kudan

A Makarfi in aka ce akwatin gem, ba wanda ke kawo irin na kanti a ransa. Na Hamisu ake nufi. Shi ke harhaɗa shi a shagonsa na bakin kasuwa da injin tsofaffin wayoyi, ya zuba cikin akwatin katako, ya shafa koren fenti, a jona da talabijin da batirin sola a yi ta buga ƙwallo har tuwo ya huce. A Ikara kuma akwai Ɗayyabu, shi ma sana'arsa ke nan, sai dai nasa ja ne. Tun da masu yi suka zama biyu, samari ma suka rabu biyu, 'yan Kore da 'yan Ja. Duk abin da ɗaya ya ƙara wa akwatinsa, in ɗayan ya fito da irinsa, to an shiga zage-zage ke nan, a majalisa da cikin waya. 'Yan Kore kan kira na Ikara ruɓaɓɓen tumatir, su kuma su ce na Makarfi ɓawon rake ne, an tsotse an yar.

Cikin 'yan Kore kaf ba mai zafin Misbahu, ga shi kuwa ba yaro ba, magidanci ne har da 'yarsa Hanifa. Yana da dalilinsa. Injin matse rake ne ya cinye masa hannun dama a wurin yin mazarƙwaila. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya juya wa duniya baya, ya kwanta yana kallon bango. Ya daina fita majalisa. Ko abinci in matarsa Hafiza ta miƙo masa ba ya karɓa, sai ta ajiye ta fita, don ba ya son ganin tausayin da ke idonta. Ana haka wata ranar Laraba Hamisu, abokinsa tun na ƙuruciya, ya yi sallama ɗauke da koren akwati da wani ƙarfe mai kama da fedar keke, waya na reto a jikinsa. Ya ce masa ya ja ɗan wasa da hannun hagu, in zai buga ƙwallo ya taka fedar da ƙafa. Kafin la'asar Misbahu ya zura wa Hamisu ƙwallo, ya kuma yi dariyar da maƙwabta suka ji.

Daga ranar Hamisu ya wuce aboki a wurinsa. Labarin fedar ya bazu, masu hannu biyu ma suka ce sai irinta, har 'yan Kore suka buga hoton Misbahu a riga yana taka ta.

Shi ya sa da aka wayi gari Ɗayyabu ya fito da jan akwati mai feda, Misbahu ya fi Hamisu hawa. Ya ce wannan ba kwaikwayo ba ne, fashi ne da tsakar rana. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Ɗayyabu ɗan kawun Hafiza ne, gida ɗaya suka tashi, Yaya take ce masa. Misbahu ya hana ta taka Ikara. Ko da aka yi haihuwa a gidan Ɗayyabu ba ta je barka ba, balle suna. Ba ta yi musu ba, ta dai naɗe atamfar da ta saya wa mai jego ta mayar cikin akwati.

Rigima ta kai an fasa wa wani ɗan Ja baki a kasuwar Makarfi, sai ƙungiyar masu gyaran waya ta shiga tsakani. Shugabanta Malam Jumare ya sa ranar zama a Kudan, inda ba garin kowa ba ne cikin su biyun. Sharaɗin a fili yake: in aka samu wanda zai dafa Alƙur'ani ya rantse cewa Hamisu shi kaɗai ya ƙirƙiro fedar, Ɗayyabu kuwa gani ya yi ya ɗauka, to Ɗayyabu zai cire ta daga akwatinsa, kuma ba zai ƙara kasa kayansa a kasuwar Makarfi ko ta Kudan ba. Ba wanda ya roƙi Misbahu. Shi ya miƙe ya ce in ba shi ba wa, tunda a ƙafarsa aka fara.

Ranar zaman da hantsi ya kwance fedar ya goge ta, ya sa a buhu. Ya ɗauki buta ya tsuguna bakin rariya yana alwala, don so yake ya isa da tsarkinsa. Yana shafar kai ya ji Hafiza a bayansa.

"Baban Hanifa, kada ka dafa Alƙur'ani a kan wannan magana."

Bai juyo ba. Ya ce ya san za a zo nan, jini ai ba ya ɓuya, in Yayanta take ji to ta bari a dawo tukuna. Ta shiga ɗaki, ya ji tana jan wani abu mai nauyi, har ta fito da shi bakin ƙofa. Keken ɗinkinta ne na aure, wanda ya daɗe a lungu rufe da tsohon zane, an ɗora masa kwanuka. Ta yaye zanen. Ƙasan keken wayam, ba abin takawa, sai ramukan ƙusa biyu da suka yi tsatsa.

Ta ce ya fito da ta buhun ya gwada.

Ya gwada. Ramukan suka hau kan juna kamar jiya aka raba su. Ya zauna a kan turmi, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Shekara da shekaru yana ganinta tana ɗaukar yadi ta tafi maƙwabta ɗinki, bai taɓa tambayar me ya samu nata keken ba.

Ta ba shi labarin a tsaye, murya ƙasa-ƙasa, tana kallon ƙofar gida kada wani ya shigo. Lokacin da yake kwance, wata rana tana ɗinki ta lura ƙafarta ce ke aiki hannu na jan yadi kawai, sai ta ce ashe ƙafa na iya karɓar aikin hannu. Ta kwance fedar ta kai wa Yaya Ɗayyabu a Ikara. Shi ya zauna ya gano yadda za a haɗa wayoyin, ya gwada ta yi. Amma ya ce mata in daga hannunsa ta fito Misbahu ba zai taɓa ta ba, tunda ta 'yan Ja ce, ta kai wa Hamisu ya jona a koren. Da Hamisu ya zo dubiya ta tare shi a soro ta ba shi, wayoyin Ɗayyabu na jiki, ta roƙe shi ya ce nasa ne.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Kai da ko ruwa ba ka karɓa a hannuna?" in ji ta. "Daga baya kuma na ga abin ya tashe ka, na ji tsoron in taɓa. Na ɗauka Hamisu zai hana ka tun kafin a kai ga rantsuwa. Har jiya ina jira."

Ƙarar mashin ta tsaya a ƙofar gida, aka danna hon. Hamisu ne ya zo ɗaukarsa.

Sun fita gari, gonakin rake na wucewa hagu da dama, Misbahu na baya ya riƙe buhun a cinya. Hamisu kuwa sai zuba yake, yana ba shi labarin motar da 'yan Kore suka cika tun da safe, da yadda yau tumatir zai sha matsa. Can Misbahu ya matso bakinsa kusa da kunnensa ya tambaye shi daga ina fedar ta fito. Yana fata a ransa Hamisu ya taka burki, ya yi fushi, ya ce wane irin zance ne wannan. Da ya yi haka da ya ji sanyi.

Hamisu ko rage gudu bai yi ba. Ya yi 'yar dariya ya ce ashe madam ta yi magana.

"Mutumina, ai sana'ar haka take. Fankar da ke cikin akwatina a wurin Ɗayyabu na gani. Shi ma murfin nan mai zugewa nawa ne ya ɗauka. Kowa na ɗauka, wanda ya riga fitarwa kasuwa shi ne mai abu."

Misbahu ya ce ba kasuwa ake zance ba, Alƙur'ani zai dafa.

Hamisu ya ce to ya rantse a kan abin da idonsa ya gani mana, wa ya shigo masa da ita ɗaki? Ya ƙara da cewa ya tuna yaran nan da suka sa hotonsa a ƙirji, in ya ba su kunya yau a gaban 'yan Ikara ba Hamisu ya kayar ba, Makarfi ya kayar. Ya faɗi haka cikin sauƙi, kamar mai ba da shawarar inda za a tsaya shan mai. Misbahu ya zuba wa ƙeyarsa ido. Ƙeyar da ya sani ce tun suna satar mangwaro, da tabon da dutse ya yi mata, amma sai ya ji kamar ɗan acaɓan da bai taɓa gani ba ne ya ɗauko shi.

A Kudan an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar wata makaranta. Kore a gabas, ja a yamma, dattawan ƙungiya a tsakiya kan benci. Da Misbahu ya sauko 'yan Kore suka ɗau tafi, wani ya ce ga mai ƙafar zinariya. Daga ɗaya gefen aka ce a dai taka a hankali kada ɓawon rake ya kwashe mutum. Ɗayyabu na zaune a gaban mutanensa, ya rame, ya sunkuyar da kai. Sau ɗaya ya ɗago ya dubi Misbahu, ya gaishe shi da ka irin gaisuwar suruki, ya mayar da idonsa ƙasa.

Malam Jumare ya buɗe da addu'a, ya maimaita sharaɗin, aka ajiye fedar a kan tebur. Wani malami ya kwance Alƙur'ani daga gafakarsa, ya tambayi Misbahu ko yana da alwala. Ya ce yana da ita. Aka ce to bismilla.

Ya matso. Hannu ɗaya gare shi, shi ne kuma ake jira ya ɗora. Ya dube shi, sai ya mayar da shi cikin aljihu.

"Allah ya gafarta Malam, ba zan iya ba. Fedar nan ta keken ɗinkin iyalina ce. Ita ta yi tunanin, Ɗayyabu ya haɗa wayoyin, Hamisu ya kawo mini. Ni ma yau na sani."

Malam Jumare ya cire tabarau ya dubi Hamisu, ya tambaye shi ko haka ne. Hamisu ya ce shi dai bai taɓa cewa kowa ya rantse ba, wanda ya ɗauko rantsuwa shi ya ajiye ta. Daga nan hayaniya ta ɓarke. Abin da ya ba Misbahu mamaki, ba kan Hamisu 'yan Kore suka yi ba, kansa suka yo. Wani ya ce an saye shi, wani ya ce dama mai auren 'yar Ikara ai ba a ba shi amana. Wani saurayi da ke kiransa Oga ya tuɓe rigar mai hoton ya yar a ƙasa, ya tsaya daga shi sai singileti yana huci kamar zai yi kuka. 'Yan Ja ma ba su karɓe shi ba. Dariya suke, suna cewa ashe duk cika bakin Makarfi a kan keken ɗinkin mace aka gina shi.

Malam Jumare ya ce magana ta mutu, kowa ya ci gaba da sana'arsa, ya shafa fatiha da sauri.

Misbahu ya nufi wurin Ɗayyabu, yana shirya kalmomin ban haƙuri a bakinsa. Ɗayyabu ya miƙe ya ba shi hannu, amma bai sake fuska ba. Ya ce masa a hankali, yadda ba mai ji sai su biyu, ya gode da bai rantse ba. Sai dai shi da ya zo yau ya riga ya shirya rasa kasuwa biyu, don kada a ambaci ƙanwarsa a tsakiyar maza, ga shi yanzu kafin magariba sunanta zai zaga wayar kowa daga nan har Ikara. Ya ce a gaishe ta, ya juya.

Misbahu ya tsaya a wurin, bai san me zai yi da wannan ba. A can bakin hanya ya hango Hamisu ya ɗaure fedar da roba a kan kujerar baya, inda shi Misbahu ya zauna ɗazu, ya tayar da mashin. Motar 'yan Kore ta bi bayansa, ba wanda ya leƙo.

Ya taka a ƙasa har tasha. Wani ɗan acaɓa da bai san komai ba ya tsaya ya ce Malam ina zuwa. Ya ce Makarfi. Ya hau, ya laluɓi ƙarfen baya ya riƙe, ya roƙe shi ya tafi a hankali.